Yadda za ka haɗa kwamfutar gem a Kano da ɗan kuɗin da ke hannunka

Kafin ka taka ƙafa Beirut Road ko Farm Centre ka fara nawa ne wannan nawa ne wancan, zauna tukuna ka amsa wa kanka abu biyu: wane gem za ka dinga bugawa, kuma da wace wuta za ka kunna injin. Yawancin lissafin da ake gani a YouTube mutanen Amurka da Turai ne suka yi shi, su a ɗaki mai sanyi suke zaune, wutarsu ba ta rawa, abu in ya lalace mayarwa suke yi a ba su wani. Mu nan a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ga ƙura, ga wuta yau ta zo da ƙarfi gobe ta zo ko fanka ba ta juyawa, toh shi ya sa wani abun da su suke ganin ba dole ba ne, mu a nan shi ne farkon dole.

Ba zan sa farashi da naira ba don kayan nan da dala suke tafiya, na yau daban na jibi daban. Rabon kuɗin dai ga yadda nake ganinsa: wajen kashi 40 cikin 100 ya tafi girafik kad, wato katin da ke fitar da hoton gem, kamar kashi 30 zuwa 35 furosesa (ƙwaƙwalwar injin) da madabod (allon da komai ke hawa kai) da ram su raba, ragowar na fawa fak (mai ba kayan wuta) da SSD (ma'ajiyar fayil) da kesin (akwatin injin). Kuɗin monita da UPS daban za ka ware su tun farko, kar sai ka gama haɗa inji ka tuna ba ka da abin kallo.

Fara da gem ɗin

In kai ɗan ƙwallo ne, FC ko eFootball, sai ɗan GTA V da PUBG da Fortnite ko Valorant in an haɗu da abokai, wallahi ba ka buƙatar injin miliyoyi. FC 24 misali, abin da kamfanin EA suka rubuta mafi ƙaranci shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570 da ram gig 8, wanda suka ba da shawara kuma GTX 1660 ko RX 5600 XT da ram gig 12, sai fili gig 100. Ka ga ai ba wani abun tashin hankali ba ne. Amma in ranka na kan sababbin manyan gem to akwai magana, domin irin su Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 dole sai katin da ke da fasahar bin haske (ray tracing) a jikinsa, wato RTX ko RX 6000 zuwa sama, RX 580 da GTX 1660 ko buɗe su ba za su yi ba balle a yi maganar rage saiti. Duk abin da zan faɗa a nan na kaifin hoto 1080p ne, mai ƙaramin kuɗi ya manta da 4K kawai.

Girafik kad, a nan kuɗi yake kuma a nan ake cutar mutane

Tambayar da ta fi kowacce jefa mutane a rami ita ce "gig nawa ne?" Mai shago zai ɗauko maka GT 730 ya ce gig 4 ne oga, kai kuma ka ji gig 4 ka ce ai ya yi, alhali katin ofis ne, GTX 1050 Ti ma da yake gig 4 ɗin ya ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sunan katin da lambarsa za ka fara dubawa, gig ya biyo baya.

Daga ƙasa zuwa sama ga waɗanda suka cancanci a yi maganarsu. RX 580 mai gig 8, na 2017 ne, ya tsufa amma har yanzu yana jan ƙwallo da GTA ba matsala, shi ne mafi arha, sai dai yana shan wuta wajen wat 185 kuma yana zafi, kuma kamfaninsa AMD sun rage fitar masa da sababbin diraiba, wato manhajar da ke tafiyar da katin. GTX 1660 Super na 2019 gig 6 ne, ya fi shi ƙarfi kuma wat 125 kawai yake sha. Sai RX 6600 na 2021, gig 8, wat 132, ni dai in kuɗinka ya kai nan to ka tsaya a nan, shi ne na fi ganin kuɗi ya yi daidai da aiki, kusan duk gem zai ja maka a 1080p da saiti mai kyau kuma ba ya dafa ɗaki. In akwai ƙari sai RTX 3060 mai gig 12 ko RTX 4060 da yake shan wat 115. Wannan lissafin wat ɗin kar ka raina shi, mai sola ko inbata shi ya san bambancin wat 60 in dare ya yi batir ya fara kuka.

Waɗanda zan ce ka kauce musu: RX 6500 XT, sabo ne a ido amma gig 4 ne kuma layin da yake magana da madabod ta kai huɗu ne kacal, a kan tsohon madabod mai PCIe 3.0 shaƙewa yake yi. Sai GTX 1060 da 1070 da 1080, sun yi zamaninsu da kyau, amma Nvidia sun daina yi musu sabon diraiban gem tun ƙarshen 2025, in ba arha ka samu sosai ba ka wuce.

Yanzu maganar na hannu, wanda ake ce wa Landan yus ko Beljiyam. Ka sani a watan Satumba 2022 aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da girafik kad, daga nan katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, da yawansu an wanke an canza musu kwali an turo mana. Ba duka ne marasa kyau ba, wani ma lafiyarsa ƙalau, amma sai ka gwada da idonka. Sannan akwai wayo guda biyu da suka yi yawa. Na farko RX 580 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Chaina, suna ne na 580 amma ƙarfin RX 570 ne, in ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, wajen shaders na gaskiyan 2304 zai nuna, wannan kuma 2048. Ba laifi ba ne ka saye shi, laifin a karɓi kuɗin na gaskiya a ba ka shi. Na biyu jabu tsantsa, tsohon kati irin GTS 450 a sauya masa suna ya dinga nuna GTX 1050 Ti, alamarsa mai sauƙi ce, in ka ga ramin VGA mai shuɗin nan a jikin katin da aka ce 1050 Ti ne to ajiye musu kayansu, kuma shi GPU-Z ɗin yakan rubuta FAKE a gaban sunan.

Yadda ake gwaji kuwa, tun daga gida ka zuba manhajojin gwaji GPU-Z da FurMark da CPU-Z da HWiNFO da CrystalDiskInfo a filas ka sa a aljihu. Ka karɓi katin a hannu ka juya bayansa, ka duba ƴar sitikar da ke kan noti ko an huda ta, ka duba allon ko ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa kewaye da ƴan baƙaƙen cif ɗin, ka kai hanci ka ji ko yana ƙauri, ka sa yatsa ka juya fankokin ka ji ko ɗaya tana gurzawa ko tana lilo. Sai a sa shi a inji a kunna FurMark, mai ɗora wa kati lodi, minti 15 zuwa 20, kar ka yarda da "ai ka gani ya kawo", kawowa daban ɗaukar lodi daban. Idonka na kan allo, in ka ga ɗigo-ɗigo ko layi kore ko hoto ya ɗauke ya dawo to magana ta ƙare. Zafin kuma in yana haura 85 yana ci gaba da hawa fanka na ihu, akwai matsala. Ka gwada duk ramukan HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya. In aka ce ba wuta a kasuwa ka ce a tada inji za ka biya kuɗin mai, litar fetur ɗaya ba ta kai asarar kati ba, in mai shago ya fara ƴan kame-kame kan gwaji to ka gane.

Furosesa da madabod tare ake zaɓarsu

Nan ma akwai irin waccan tambayar, "i7 ne?" Malam i7-3770 na 2012 ne, i3-12100F na 2022 ya fi shi a gem ba ma kusa ba. Lambobin farko bayan layin su ne janareshan, su za ka karanta.

Hanya biyu ce ga mai ƙaramin kuɗi. Ta AMD, soket (mazaunin furosesa a madabod) AM4 da ya fito tun 2016 shi ya sa kayansa suka wadata: Ryzen 5 5600, koa 6 ne, yana zuwa da fankarsa a kwali in sabo ne, shi da RX 6600 sun dace da juna sosai. In kuɗi bai kai ba Ryzen 5 3600 na hannu ko Ryzen 5 5500. Madabod kuma B550 in da hali, in babu B450 ko A520. Sai dai B450 ya girmi Ryzen 5000, dole sai an sabunta masa BIOS, wato ƴar manhajar da ke jikin madabod, kafin ya gane furosesar, in ba haka ba za ka haɗa komai daidai fanka na juyawa allo baƙi ƙirin, don haka a gabanka za a sa furosesar a kunna ka gani. Ta Intel kuma soket LGA1700: i3-12100F ko i5-12400F a kan H610 ko B660 ko B760, amma ka lura waɗannan madabod ɗin wani na DDR4 ne wani na DDR5, ba sa musayar ram, ka karanta jikin kwali.

Harafin F a Intel yana nufin ba girafik a cikinta, haka ma Ryzen 5 5600 da 5500 da 3600 ba su da shi, wato ba kati ba hoto. Wanda kuɗinsa bai kai na kati ba yanzu yana iya lallaɓawa da Ryzen 5 5600G, ita tana da girafik a ciki, za ta ja Valorant da eFootball da GTA V in ka sauke saiti, in Allah ya hore sai ka sa kati daga baya ba tare da ka canza komai ba. Wannan dabarar ta fi ka je ka sayi ruɓaɓɓen kati don gaggawa.

Furosesar AM4 a jikinta ƴan alluran suke, ka ɗaga ta saitin haske ka bi layi-layi ka tabbatar ba wanda ya lanƙwashe ko ya karye. A Intel kuma alluran a cikin soket ɗin madabod suke, can za ka haska da fitilar waya. Sabon soket AM5 da ram DDR5 suna da kyau kuma su ne na gaba, amma kuɗin da za su ci gara ka ƙara shi a kati.

Za ka ga ana tallar haɗin Xeon da madabod X99 na Chaina da ram duk a dunƙule da arha, koa goma sha wani abu. Ni ba na ba wa sabon shiga shawararsa. Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel janareshan na 8 da Ryzen 2000 yake farawa kuma yana neman tsarin tsaron TPM 2.0, sannan irin su Valorant a kan Windows 11 da Battlefield 6 suna neman saitin tsaron Secure Boot, sai ka zo ka yi ta fama da BIOS ɗin da ba ka san wa ya rubuta shi ba.

Haka nan hanyar tsohuwar Dell OptiPlex ko HP ta ofis a ƙara mata kati. Tana yi, kuma ita ce mafi arha gaba ɗaya, amma da sharaɗi: ta zama janareshan na 8 zuwa sama, kuma ka sani fawa fak ɗinsu ƙarami ne, yawanci wayoyinsa na kamfanin ne ba za ka cire ka sa na kasuwa haka kawai ba, siririyar kuma sai gajeren kati. Wato katin da ba ya neman wayar wuta daban, irin RX 6400 ko RTX 3050 mai gig 6 ko wasu GTX 1650. Nan za ka tsaya, ba gaba.

Ram da SSD

Gig 16, guda biyu masu gig 8, DDR4 3200. Biyu fa, ba ɗaya mai 16 ba, saboda in biyu ne hanya biyu suke aiki, musamman mai 5600G bambancin har ido yana gani. In madabod mai rami huɗu ne a na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa su. Na laftof gajere ne ba ya shiga.

Windows da gem a kan SSD za su zauna, NVMe mai shiga jikin madabod, gig 500 mafi ƙaranci, tera 1 in da hali tunda gem ɗaya yanzu yana cin gig 100. Had dis mai juyawa na ajiyar finafinai ne kawai, kuma shi ya fi saurin mutuwa in wuta na yawan ɗaukewa yana cikin aiki. SSD gara sabo, in na hannu ne CrystalDiskInfo zai nuna maka lafiyarsa da awannin da ya yi a kunne. Wanda aka ce tera 2 ne da kuɗin gig 256 kuma sunan kamfanin ba ka taɓa ji ba, ka san sauran.

Fawa fak

Nan ne mutane suke matse hannu bayan sun gama kashe kuɗi a kati, kuma nan ne bai kamata ba. Ka sayi kati mai tsada ka haɗa shi da fawa fak ɗin da ya zo kyauta a cikin kesin, kamar ka sayi sabuwar mota ne ka dinga zuba mata man ƴan bumburutu da aka gauraya da kananzir. Shi fawa fak mara kyau in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod ko kati.

Ryzen 5 5600 da RX 6600 gaba ɗayansu a cikin gem wajen wat 250 zuwa 300 suke sha, don haka wat 550 ya isa, 650 ya ba ka sarari in za ka canza kati nan gaba. Ka nemi mai tambarin 80 Plus Bronze daga kamfanin da aka sani, irin Corsair CX ko Cooler Master MWE ko MSI MAG ko Seasonic. Lambar da aka buga da manyan baƙi a kwali ba ita ce hujja ba, duba sitikar gefensa wajen layin 12V ka ga wat nawa yake bayarwa, a mai kyau kusan duk ƙarfin a nan yake. Ka ɗaga shi ma a hannu, wanda aka rubuta wa 700W amma shafal kamar ba komai a ciki ƙarya ce. Ya zama yana da wayar kati tasa ta kansa mai baki 6+2, kar ka yarda a yi maka jone da adafta daga wayar SATA, waɗannan su ne suke narkewa. Kuma wannan shi ne abu ɗaya da zan ce sabo kawai, ko da komai naka na hannu ne.

Daga bango zuwa inji

UPS ba na ci gaba da buga gem ba ne, na ƴan mintunan da za ka yi sebin ka kashe inji cikin mutunci ne. Lambar VA da ke jiki ba wat ba ce, a ƙananan nan ka ninka da 0.6, wato mai 650VA bai wuce wat 390 ba, ka haɗa inji da monita kana tsakiyar wasa a ɗauke wuta yana iya yin ƙara ya mutu tare da injin. Ka nemi 1200VA zuwa 1500VA. Sannan fawa fak na zamani wani lokacin ba ya shiri da UPS ko inbata mai arha da wutarsa ba tsantsar sine wave ba ce, za ka ji yana zzzz ko ya ɗauke daidai lokacin da aka koma batir, don haka mai sola ya tabbatar inbatarsa pure sine wave ce.

In unguwarku ana yawan kawo lo karen ka sa sitabilaiza kafin UPS ɗin, nasa shi kaɗai, ba wanda firji ko dutsen guga suke kai ba, kuma ka bar maɓallin jinkirin nan a kunne don lokacin da aka dawo da wuta shi ne lokacin da ta fi ɓarna. Ƙaramin janareta kar ka jona inji kai tsaye, musamman in mai ya kusa ƙarewa ya fara sama da ƙasa. Da damina in hadari ya taso ana tsawa zare filogi gaba ɗaya. In kuma ka taɓa kesin ka ji yana ɗan jan hannu, ba injin ba ne, gidan ne ba atin, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, ka kira mai gyaran wuta ya kafa maka.

Kesin, fanka, monita

Kesin mai gilashi gaba da gefe da fitilu kala-kala yana da kyau a hoto, a Kano kuma murhu ne. Nemi mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, fanka biyu ko uku a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. In masu shigowa sun fi yawa ƙura ba ta samun shiga ta ƴan ramuka sai ta matata. Ka auna tsawon katinka da abin da kesin zai ɗauka kafin ka biya. Fankar da ta zo da Ryzen tana yi, amma in ɗakinka ba AC ƙara ɗan kuɗi ka sa mai tsayin nan irin DeepCool AK400 ko Hyper 212, na ruwa kuwa ɓarnar kuɗi ne a wannan matakin. Inji a kan tebur, ba a ƙasa kan kafet ba. Da hunturu duk sati biyu ka cire matata ka wanke, wata-wata ka fitar da shi tsakar gida ka hure da bulowa, amma ka riƙe fankokin da yatsa kar iska ta juya su fiye da ƙima.

Monita inci 24, 1080p, IPS, mai 144Hz ko 165Hz in kana buga na harbi, mai ƙwallo kuwa ko 75Hz ya ishe shi. TV ɗin falo ma za ta yi kafin ka samu, ka dai shiga saiti ka kunna Game Mode.

Wajen biya

Ka sa a rubuta maka a rasit kwana nawa ne garanti da lambar jikin kayan, "ai mun saba" ba ta dawo da kuɗi. Wani abun ba za ka samu a Kano ba sai an yi maka webil daga Computer Village ta Ikeja, toh kafin ka tura ko sisi ka ce ya ɗauko bidiyon kayan a kunne, GPU-Z a buɗe, da takarda mai sunanka da kwanan wata a gefe, in kana da ɗan uwa a Legas ya je ya gani ya fi.

Haɗawa

Sukundireba mai baki huɗu kawai kake buƙata da tebur mai haske. Da hunturu jiki yana tara wutar nan da ke tartsatsi in ka cire riga, ita ma tana kashe kaya, don haka ka dinga taɓa ƙarfen kesin kafin ka ɗauki komai kuma ka riƙe kaya ta gefe.

Ɗora madabod a kan kwalinsa. Ɗaga ƙarfen soket, daidaita ɗan alamar kusurwa uku na furosesa da na soket, ka ajiye ta a hankali ta faɗa da kanta, in sai ka danna to ba daidai take ba. Ram ka danna har ka ji ƙas. SSD a karkace yake shiga sai ka kwantar ka ɗaure. Man tamal, wanda ake sawa tsakanin furosesa da fanka, girman ƙwayar wake a tsakiya ya isa, in fankar ta zo da nata a shafe ba sai ka ƙara ba, kuma ka leƙa ƙasan fankar, in da ƴar leda ka ɓare ta, mutane da yawa suna mantawa sai su ga zafi ya kai 95. Notinan fanka a gicciye ake ɗaure su kaɗan-kaɗan, wayarta a CPU_FAN.

Tun a kan kwalin nan ka sa kati ka jona fawa fak da monita ka gwada, sai ka taɓa alluran madabod guda biyu da aka rubuta wa PWR_SW da bakin sukundireba ya tashi. In ya kawo BIOS sai ka kashe ka zare ka mayar cikin kesin. Farantin baya da ya zo da madabod shi ake fara sawa, sannan ka tabbatar ƴan ƙafafun tagullar da madabod ke zama a kai suna daidai da ramukansa, ba ragi ba ƙari, ƙari ɗaya a inda ba rami yana iya haɗa wuta. Babbar waya mai baki 24, sai mai 8 ta furosesa a sama, wannan da ta kati suna kama amma ba ɗaya ba ne, a jiki an rubuta CPU ko PCIe. Ƴan siraran wayoyin gaban kesin su ne masu cin rai, littafin madabod zai nuna maka. In kana da kati wayar monita a jikinsa take shiga, ƙasa, ba a madabod ba.

Kunnawar farko tana iya ɗaukar ɗan lokaci kar ka firgita. In bai kawo ba fara da ram, cire ka mayar da ɗaya, yawanci a nan matsalar take. A BIOS ka kunna XMP, a madabod ɗin ASUS na AMD sunansa DOCP, in ba haka ba ram ɗinka na 3200 zai zauna a 2133 ko 2400. Ka kunna Resizable BAR da fTPM, wato TPM ɗin da Windows 11 ke nema, a Intel sunansa PTT. Windows 11 daga shafin Microsoft a filas mai gig 8, diraiba daga shafin AMD ko Nvidia. Sannan ka shiga saitin allo ka ɗaga shi zuwa 144 da hannunka, Windows sau da yawa a 60 yake barinsa, akwai masu shekara da monita mai tsada suna kallon 60 ba su sani ba.

Gem ɗin da ake turawa a shago fasassu ka yi hattara, wani da bairos yake zuwa ko abin haƙar kirifto da zai dinga cin katinka a ɓoye. Valorant da Fortnite da eFootball da PUBG duk kyauta ne. In data ce damuwar, abokinka mai gem ɗin a Steam ya kwafa maka foldar a had dis, kai kuma in kana da shi a akawun ɗinka ka zuba a foldar Steam ka danna install, zai gane fayilolin ya sauke ɗan abin da ya rage kawai.

In kuma FPS, wato yawan hoton da inji ke fitarwa a daƙiƙa, yana sama amma kana danna fas ɗan wasa yana makara a onlayin, wannan ba injin ba ne, fing ne, wato jinkirin intanet tsakaninka da sabar gem ɗin, yawancin sabobin a Turai ko Afirka ta Kudu suke kuma daga nan da wuya ya sauka ƙasa da 100, ko RTX 4090 ka sa haka zai zauna. Abin da za ka iya shi ne ka ja wayar LAN daga rauta zuwa inji maimakon Wi-Fi, ka ajiye rautar kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi, ka gwada layuka biyu ko uku da daddare lokacin da kake wasa ka ga wanne ya fi tsayawa a unguwarku kafin ka sayi babban data.